Kafin Ki Biya Kuɗin Ɗaki, Ki Taka Hanyar da Ƙafarki

Ranar da takardar tura ki aiki ta iso hannunki, za ki fara duba sunan garin, sannan ki kira wata da ta taɓa zama a can, daga nan ki shige ɗaki ki yi kukanki. Ba komai, mu ma mun yi. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas kaɗai ake lissafawa a cikin birni, sauran 36 ɗin kuwa dole a sami wadda za ta je ta karɓi haihuwa, ta yi allura, ta koyar da yara. Bana ke ce. Share hawayenki mu yi maganar inda za ki riƙa kwana, don ita ce ba a koya mana a makarantar jinya ba.

Ni tawa takardar ta fito ne a watan Fabrairun 2022, ina budurwa, ban taɓa zama a wajen gidanmu ba in ban da kwanan makaranta. An tura ni wani ƙaramin asibiti a arewacin jihar, can gefen hanyar Ɗambatta. Ba zan kama sunan garin ba, domin har gobe tuwonsu nake ci.

Idan kin hau mota a Ƙofar Ruwa, kika wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Mil Tara, za ki iso Dawanau, inda manyan motoci ke jere ana lodin hatsi da riɗi da zoɓo. A wajen nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta bi ta Bichi da Tsanyawa ta nufi Katsina, ɗaya ta bi ta Ɗambatta da Kazaure ta nufi Daura. Ko wacce kika bi, ki ajiye waya ki leƙa ta taga. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne babu daji. Mu 'yan birni da an ce ƙauye sai mu hango dokar daji da kukan kura. A nan kuwa gona ce ke bin gona, kowace da shingenta, a tsakiya ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga gawo, an bar su da gangan, kowace bishiya da mai ita. Da ƙyar za ki yi tafiyar minti biyar ba ki hangi rufin gida ko rumbu ko hasumiyar masallaci ba. Wannan ƙauye yana jin kiran sallar wancan.

Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a mai yawa haka take rayuwa a kan ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne: na awaki da tumakin da ake turkewa a gida da damina, da tokar murhu, da sharar birnin Kano da jakuna suka riƙa jidowa zuwa gonaki. Abin da ya shafe ki a ciki shi ne, ƙasa ce da ƙafa da jaki suka tsara tun kafin a san mota. Rijiya, masallaci, makaranta, injin niƙa, maƙabarta, duk a tazarar da tsohuwa za ta iya takawa aka ajiye su. Wanda ya ce miki a ƙauye komai nesa ne bai zauna a arewacin Kano ba.

Sai dai kusa iri-iri ce, kuma a nan na yi kuskurena.

Da farko ma gidanmu cewa aka yi in riƙa zuwa kullum ina dawowa. Tafiyar awa ɗaya ce da ɗoriya, in an yi dace da mota. Wata guda na gwada na gane ba za ta ɓulle ba: in fita ana kiran assalatu, in dawo ana sallar magariba, ranar aikin dare kuma in kwana a kan benci. Abokan aikina da suka dage a kan haka sun ji jiki daga baya. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya har ta wuce 1,000. Albashi bai yi irin wannan tsallen ba. Na ga wadda rabin abin da take samu ke ƙarewa a hannun kwandasta, na ga wadda ta koma zuwa aiki sau uku a mako tana roƙon a rufa mata asiri. Ki yi lissafin nan tun kafin ki fara, da biro da takarda, ki haɗa har da kuɗin acaba daga bakin titi zuwa cikin gari.

To, a watan Maris wani dillali ya kai ni sabuwar unguwa a bayan gari. Ginin bulo, daɓen siminti, ciki da falo, banɗaki a ciki, ƙofar ƙarfe. Ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya miƙa hannu ya ce, "Malama, kin ga tankin can? Na asibitinku ne." Ga shi kuwa ina gani tar, fili fetal tsakaninmu, sai wani burtali da ya ratsa gonaki. Na taka da kaina na duba agogo, minti bakwai. Ranar na biya kuɗin shekara, ina jin na fi kowa wayo.

Mutumin bai yi mini ƙarya ba. Ni ce ban san cewa filin da na gani da rani ba fili ba ne. Da na sunkuya na duba ƙasa da na ga kututturen kara a jere layi-layi har bakin katangata, da na san abin da zai tsaya a wurin. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A watan Yuli gero ya kawo mini ƙugu. Kafin tsakiyar Agusta ya shanye kaina, dawa na biye da shi, burtalin nan ya zama wani dogon lungu mai duhu wanda ko da rana ba ki ganin wanda ke tahowa sai kun yi kiciɓis. Gawo ne kaɗai ya kaɗe ganyensa, kamar yadda ya saba yi da damina, ya tsaya tsirara a tsakiyar kore. A tsakiyar hanyar kuma akwai wani ɗan kwari da ban ko lura da shi ba da rani. Ashe nan ne kududdufin unguwar ke amayar da ruwansa in an yi marka. Idan ya cika sai an zagaya ta bakin titi, a bi ta tasha, a dawo ta gaban makarantar firamare. Minti bakwai ya koma talatin da biyar.

Wani dare a ƙarshen Agusta, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, wayata ta yi ƙara. Ƙaramar ma'aikaciyar da ke aikin dare ce, muryarta na rawa. An kawo wata mata daga wani ƙauye, ta haihu a gida, haihuwa ta shida, jini ya ƙi tsayawa. Na zura hijabi a kan kayan barci na fito. Ana yayyafi. Na isa bakin burtalin na haska fitila, sai ganyen gero ke sheƙi yana motsi, kwaɗi sun cika duniya da kuka, can gaba ina jin ruwa na gudu. Na san irin abin da ke fitowa a gonaki a wannan lokaci, don da hannuna na sha wanke ƙafar waɗanda maciji ya sara. Na tsaya kamar minti biyu ina ce wa ƙafata ta shiga, ta ƙi. Na juya na bi ta titi, ina gudu ina tafiya, babu ɗan acaba ko ɗaya, babu gidan da na sani da zan buga in ce a raka ni, domin unguwar rabinta kangaye ne, rabi kuma baƙi ne irina.

Ke da kika karanta aikin kin san abin da minti arba'in ke nufi ga mai zubar da jini bayan haihuwa. An koya mana cewa cikin awa biyu zai iya kai mace kabari. Babban binciken nan da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta kasance cikin jagororinsa, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa idan aka gano zubar jinin da wuri, aka haɗa matakan gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, wato murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsayar da jini da ƙarin ruwa, ana rage mummunan sakamako da kusan kashi 60 cikin ɗari. Duk maganar a kan "da wuri" ta tsaya. Na iske yarinyar nan ita kaɗai, hannu ɗaya a kan marar matar, ɗaya tana neman jijiya ta kasa samu. Muka yi abin da za mu iya, muka sami mota da asuba aka wuce da ita babban asibiti aka ƙara mata jini. Ta rayu. Allah ne ya yi da sauran kwananta, ba saurina ba.

Washegari na fara neman wani ɗakin, da sauran wata shida a kuɗin da na biya.

Wannan karon ban je wurin dillali ba. Na tambayi matar da ke share mana ɗakin haihuwa, 'yar garin ce, ta haifi kamata. Ki riƙe wannan: a duk inda aka tura ki, masu shara da masu gadi da masinja sun fi shugabanki sanin garin. Ta dube ni ta ce, "Ai da ma mun yi mamakin wanda ya kai ki can, 'yar nan." Ta ce akwai wata Hajiya a cikin gari, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure, ɗaki na nan a rufe. Amma ta ce kada in je da kaina.

A nan sai mun yi maganar da ba a so a yi. A Hausa, idan aka ce mace tana "zaman kanta", kin san abin da ake nufi, kuma ba yabo ba ne. Harshen namu ma bai tanadi kalma mai tsabta ga budurwar da aiki ya kai wani gari ta kama ɗaki ba. Masu gida biyu sun taɓa tambayata, "Ina maigidan?" da na ce babu, sai ɗakin ya zama an riga an kama. Na ji haushi a lokacin, har yanzu ma ina ganin ba daidai ba ne a roƙi gwamnati ta turo ungozoma sannan a hana ta wurin kwana. Amma haushi ba ya samar da ɗaki. Abin da ke samarwa shi ne ki shiga garin ta ƙofa. Kawuna ya zo daga Kano da babbar rigarsa, muka je gaban mai unguwa tare da shugaban asibitinmu, aka gaisa, aka faɗi 'yar wane ce ni da abin da ya kawo ni. Mai unguwa da kansa ya aika wa Hajiya. Da na shiga gaishe ta na durƙusa, ta ce, "Tashi, 'yata. Ɗaki dai na ƙasa ne, kin iya?" Na ce, "Zan iya, Hajiya." Tun daga ranar, duk wanda ya tambayi wace ce wannan, amsar ita ce 'yar gidan Hajiya. Wannan suna ya fi ƙofar ƙarfe tsare ni.

Ɗakin bai kama ƙafar na farko ba. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, banɗaki ɗaya muke bi da mutan gidan, ruwa sai an ja a rijiyar tsakar gida. Daga nan zuwa asibiti minti goma sha takwas ne, ya ninka na da har da ɗori. Amma bari in bi da ke hanyar ki gani.

Kina fita daga zaure, ga masallacin unguwa a hannun dama, da dakalin da dattawa ke zama tun daga asuba har hantsi, su dawo da la'asar su kai isha. Sai kin rage tafiya kin gaishe su, babu makawa. Gaba kaɗan mai ƙosai ce da 'yan matanta, sai injin niƙa, sai shagon mai cajin waya da ke da sola, fitilarsa ba ta mutuwa. Sai ki ratsa ta gaban gidan dagaci, inda 'yan sintiri ke kwana. Sai makarantar allo, wadda almajiranta ke hura wuta suna karatu da daddare da kuma kafin asuba. Sai teburin mai shayi a bakin tasha, wanda ba ya tashi sai dare ya raba. Daga nan ki miƙe kan titi, ga kemis, ga mai POS, ga ƙofar asibiti. Babu inda za ki yi taku ɗari ba a gaban idon wani da ya san ki ba. Ƙasar wurin kuma jigawa ce, ana ɗauke ruwa take shanyewa.

Sau nawa aka kira ni da tsakar dare bayan na koma can? Ban ƙirga ba. Hajiya kan ta da jikanta ya riƙe mini fitila zuwa gidan dagaci, daga nan ɗan sintiri ya karɓe ni. Wani lokacin mai shayi ne zai ce, "Malama, an kira ki ne? Kai, ɗauko mashin ka kai ta." Ban taɓa wuce minti ashirin ba, ko ana ruwa.

Saboda haka idan an nuna miki ɗaki, kada ki tsaya kallon fenti. Ki fito waje ki taka hanyar zuwa wurin aikinki, kuma ba sau ɗaya ba. Ki taka ta da sassafe, lokacin da za ki riƙa fita. Ki taka ta da tsakar rana ki ji ko akwai inuwa, domin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hanyar da ke da dogon yaro a jere ta fi gajeriyar da babu ko ɗaya. Sannan ki sami wanda zai raka ki ki taka ta bayan isha, ki ƙirga fitilu, ki ƙirga mutanen da ke zaune a waje, ki ga su wane ne. Dattawa a kan dakali daban, matasa a kango daban. Wannan tafiya ta uku ita ce mutane ba sa yi, kuma ita ce ke faɗa miki gaskiyar unguwa.

Akwai tafiya ta huɗu da ba za ki iya yi ba idan da rani kika zo, ta watan Agusta. Ita sai dai ki karanta ta a jikin wuri. Dubi gindin katangu: inda ruwa ke kwanciya yakan bar zane, ƙasa ta zaizaye, siminti ya yi baƙi. Dubi inda kududdufi yake da inda bakinsa ya karkata. Dubi ƙasa ko akwai kututturen kara da kunya-kunyar bara. Ki tambayi 'yan acaba, ba mai gida ba, wace unguwa ce suke ƙin shiga ko suke ƙara kuɗi in an yi ruwa. Su ba su da ɗakin da suke son su ba ki haya.

Sauran abubuwan ba sai na ja ba, kin san su. Ina ake samun ruwa, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, kuma suna shiga lungun? Wane layin waya ne ke kamawa a cikin ɗakin, ba a tsakar gida ba? Wannan ga mai jiran kiran dare ba ƙaramin abu ba ne. Ina za ki ciri kuɗi, ina za ki sayi kayan miya ranar da ba ta kasuwa ba? Duk abin da sai kin hau mashin kafin ki same shi, ki ɗauka kuɗin haya ne da ba a rubuta a takarda ba.

Kasuwa kuwa, ki so ta daga ɗan nesa. Garuruwan nan kowanne da ranarsa. Ta Ɗambatta Lahadi take ci, kuma wanda ya ga garin ranar Talata ba zai gane shi ranar Lahadi ba. Motocin shanu, buhunan hatsi, fatake daga ko'ina, ƙura ta tashi har yamma. Ranar daɗi ce, nakan je in yi sayayyar wata in sha fura. Amma ɗakin da ke jikin kasuwa ko tasha, wanda kika gani shiru ranar da ba ta ci, ranar kasuwa sai kin ture mutane kafin ki shiga zaurenku, kuma rabinsu baƙi ne da babu wanda ya san su. Idan kin yi aikin dare ranar Asabar, ki manta da barci. Tazarar minti goma daga kasuwa ta ishe ki.

Wani abin kuma, kada ki yarda da taswirar waya. A yankin nan akwai manyan madatsun ruwa, irin su Thomas a ɓangaren Ɗambatta da Watari a Bagwai, kuma akwai ƙauyukan da a taswira suna kallon juna amma ruwa ne a tsakani. Ba mu manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya kife da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai, aka rasa rayuka sama da ashirin, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙan su. Idan aka ce miki wuri "nan da can ne", ki tambaya: ta ƙasa ko ta ruwa?

Maganar tsaro ma ki yi ta a fili, kada ki ji nauyi. Shekarun baya wanda ya bar Kano ya zo nan hutawa yake yi daga fargabar masu ƙwacen waya. Ni na fi sakewa da wayata a hannu a garin nan fiye da a wasu titunan birni. Amma tun da aka fara jin 'yan bindiga na tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025, lissafi ya ɗan canja ga wadda aka tura wajen iyakar. Gidan da ke ƙarshen gari, wanda bayansa gona ce, shi ne farkon wanda ake isa. Wannan ma wani dalili ne na shiga tsakiyar mutane.

Kwanaki ina karanta yadda a Faransa ake ta muhawara a kan abin da suka kira birnin minti goma sha biyar. Wani malamin jami'a, Carlos Moreno, shi ya yaɗa tunanin, magajiyar garin Paris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta ɗauke shi a yaƙin neman zaɓenta na 2020: a tsara unguwa yadda mutum zai sami wurin aiki da makaranta da kasuwa da asibiti cikin tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ko a keke. Na ba Hajiya labari, ta ce, "To da can a ina suke ajiye su?" Dariya na yi, amma ina ganin mu ne ya kamata mu yi hattara, domin sababbin unguwannin da muke yankawa a bayan gari, a Kano da ƙauyukanta, filoti ne kawai a jere, babu inuwa, babu magudanar ruwa, babu dakali. Muna barin abin da su suke kashe kuɗi su dawo da shi. Ni dai tafiyar nan ta kullum, zuwa da dawowa, ta cika mini minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu a mako, har da ragi, ban biya kowa ko sisi ba.

Kada in yi miki daɗin baki, zama cikin idon mutane yana da kuɗinsa. Idon da ke tsare ki shi ne ke ƙirga ki. An san lokacin da kika fita, an san lokacin da kika dawo, an san kin yi sabon leshi. Ranar da wani abokin karatuna ya biyo ta garin ya tsaya mu gaisa, a zaure muka zauna, jikan Hajiya na gefe yana wasa da ƙasa kamar ba aiko shi aka yi ba, kafin magariba kuma mai ƙosai ta yi mini murnar samun miji. Ba ki da ranar hutu ta gaskiya, domin kowa ya san ɗakin malamar asibiti. Za a yi sallama da ƙarfe goma na dare a ce, "Malama, ɗan duba mini yaron nan, jikinsa ya yi zafi." Sai kin koyi cewa "a kai shi asibiti, ina zuwa" ba tare da kin ɓata wa kowa ba, in ba haka ba ɗakinki zai zama kemis. Akwai ranakun da nakan rufe ƙofa in yi kewar falon nan nawa na bayan gari, inda babu mai tambayata me na dafa. Wata abokiyar aikina ta gwada irin zamana ta kasa, ta ce ita numfashi take so, ta koma gidajen ma'aikata. Ban ga laifinta ba. Idan wurin aikinki na da gidan ma'aikata a cikin harabarsa, kuma akwai wasu matan a ciki, ki fara duba shi kafin komai. Namu a lokacin babu gurbi.

Kai kuma ɗan'uwa da ke leƙen wannan shafi, malamin makaranta ko ɗan hidimar ƙasa da aka tura Kunchi ko Makoɗa ko Minjibir, taka ta fi sauƙi amma ba ta kuɓuta ba. Tuzuru baƙo ma ana sa masa ido, musamman a gidan da ke da 'yan mata, don haka galibi shagon waje za a ba ka, mai ƙofa a titi. Ka nemi wanda ke kusa da masallaci da mai abinci. Sahun asuba na mako biyu zai yi maka abin da takardar shaida ba za ta yi ba. Kuma ka taka hanyar kai ma, don mashin ɗin da kake taƙama da shi wata rana ba mai.

Yanzu shekara ta huɗu ke nan ina bin hanyar nan. Na san ta da kaka, lokacin da amalanken shanu ke shigowa da dammunan gero, harawa ta hau kan rassan bishiyoyi da rufin ɗakuna, garin duka yana ƙanshin sabon hatsi da ɗanyar gyaɗa. Na san ta da hunturu, sa'ad da hazo ke rufe hasumiya, almajirai su kewaye wuta, dattawan dakali su naɗe fuska sai ido, in gaishe su da sunan da ba nasu ba su yi ta dariya. Matar nan ta daren Agusta takan zo awo da cikinta na bakwai. Wannan karon mun yi da ita da mijinta a asibiti za ta haihu.

A watan jiya aka turo mana sabuwar ma'aikaciya, yarinya ƙarama daga Gwale, idonta duk ya kumbura. Kwana uku da zuwanta ta same ni da murna, wai an nuna mata ciki da falo a bayan gari, banɗaki a ciki, daga bakin ƙofa ma ana hango tankin asibiti. An girbe gonaki, fili ya buɗe fetal. Na ce mata kada ta ba kowa kuɗi tukuna, ta jira ni mu idar da isha, ta taho da fitila.